Kuɗin Ƙananan Hukumomi: Wa Ke Riƙe da Ma'aji?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta shi. Abu biyu hukuncin ya tsaya a kai: kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga hannunsu kai tsaye daga asusun tarayya, sannan duk ƙaramar hukumar da kantoma ko kwamitin riƙo ke jagoranta ba ta da kaso sai an yi zaɓe. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma a ganina, ko da gobe aka cika hukuncin nan ɗari bisa ɗari, kuɗin ba za su isa rijiyar ƙauye da ɗakin shan magani ba muddin mutanen da ke sa hannu a fitar da su suna amsa umarnin wani daban. Gyaran da ya rage ya shafi ma'aji, da takardar albashi (jerin sunayen masu karɓar albashi), da odita, kuma yawancinsa majalisun jihohi ne za su yi shi, ba kotu ba.

Sai an san hanyar da kuɗin ke bi kafin a gane inda suke zurarewa. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama a Abuja. Daga babban kason, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Daga harajin VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Adadin da ya faɗa wa kowace ƙaramar hukuma a rubuce yake, da sunanta, kuma tun 2004, zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, aka fara buga shi a jaridu. Wato abin da ya baro Abuja ba ɓoyayye ba ne. Duhun yana farawa ne daga sashe na 162(6) na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumominta, kuɗin su fara sauka a nan.

A kan asusun nan akwai kwamiti, galibi kwamishinan ƙananan hukumomi ne shugabansa, ciyamomi kuma mambobi. Kafin a raba, sai an yi yanka. A cire albashin malaman firamare a miƙa wa SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. A cire na ma'aikatan lafiya matakin farko. A cire fansho. A cire kason masarautu, wanda a jihohi da dama kashi 5 ne. A cire kashi 1 na horar da ma'aikata. Duk waɗannan suna da hujja, ko da za a yi gardama kan yawansu. Daga nan sai a shiga yankan da ba shi da iyaka: ayyukan haɗin gwiwa, gudunmawar tsaro, gudunmawar jami'ar jiha, sayen taki, sayen motoci, ciyarwar azumi. Ma'aikatar ƙananan hukumomi ce ke ba da kwangilar a babban birnin jiha, ita ke zaɓen ɗan kwangila, ita ke sa farashi, sai a raba kuɗin a kan kowace ƙaramar hukuma, ko ta nemi aikin ko ba ta nema ba. Abin da ya rage shi ake tura wa ciyaman ya biya albashin sakatariya da hidimar ofis. Doka ta ce jiha ma ta zuba kashi 10 na kuɗin shigarta a asusun don a raba wa ƙananan hukumomi, amma kalmar "haɗin gwiwa" a aikace kuɗin ɓangare ɗaya take ci.

To, a ɗauka an rufe wannan asusu, kuɗi sun faɗa asusun ƙaramar hukuma kai tsaye. Wa zai fitar da su? Ciyaman yana amincewa da kashewa, amma a galibin jihohinmu masu sa hannu a banki su ne ma'aji da daraktan ma'aikata, wanda kowa ke kira DPM. Su biyun nan ba ma'aikatan ciyaman ba ne, ba kuma na kansiloli ba. Duk ma'aikacin ƙaramar hukuma daga mataki na 07 zuwa sama yana ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. Ita ke ɗauka, ita ke ƙara girma, ita ke canjin wurin aiki. Ma'ajin da aka kira shi a waya daga ma'aikatar ƙananan hukumomi aka ce ya mayar da kaza cikin wani asusu, ya san abin da zai biyo baya idan ya ƙi: takardar canji kafin mako ya zagayo, zuwa ƙaramar hukumar da ta fi nisa da iyalinsa, ko a dawo da shi hedikwata a ba shi kujera babu tebur. Wanda ya gaje shi kuwa an riga an zaɓo mai jin magana.

An ma gwada toshe ƙofar ta banki. Daga 1 ga Yunin 2019 hukumar NFIU, mai sa ido kan hada-hadar kuɗi, ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, ta kuma gargaɗi bankuna kan fitar da kuɗi daga asusun haɗin gwiwa ba tare da sun fara shiga asusun masu su ba. Gwamnoni suka tafi Babbar Kotun Tarayya, a 2022 ta yi watsi da ƙararsu. Amma ƙa'idar banki tana iya hana cire kuɗi a buhu ne kawai, ba ta iya hana tura kuɗi da takarda mai sa hannun ma'aji da DPM. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli ma, jihar Anambra ta fito fili ta yi doka a Oktoban 2024 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke da hannu a ciki. Wasu jihohin ba sa buƙatar doka. Wayar tarho ta ishe su.

Saboda haka gyara na farko da nake so in gani shi ne a kan kujerar ma'aji da DPM. A sa wa'adi a doka: wanda aka tura ƙaramar hukuma ya yi shekara uku cur, ba a ɗaga shi sai da dalili a rubuce, kuma sai majalisar kansiloli ta amince da rinjayen biyu bisa uku, ko rahoton odita ya same shi da laifi. Idan wa'adin ya cika, a tafi da shi dole, don shi ma idan ya daɗe a wuri ɗaya sai ya zama sarkin kansa. Ya zamana yana da takardar ƙwarewa a aikin akanta daga ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ta ANAN, saboda mai irin wannan takarda yana da abin da zai rasa idan aka kama shi ya sa hannu a baucar bogi. Sannan duk umarnin fitar da kuɗi daga ma'aikatar jiha ya zo a rubuce, da lamba da kwanan wata, a karanta shi a zaman kansiloli a shigar da shi cikin bayanan zama. Umarnin da mai shi ba zai iya rubutawa ba, ma'aji ya sami dokar da zai fake da ita ya ƙi bi.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi da masu adawa da 'yancin ƙananan hukumomi ke kawowa, kuma bai kamata a yi mata dariya ba: albashin malaman firamare. A 1991 gwamnatin Babangida ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa ta mayar da nauyin makarantun kan ƙananan hukumomi. Malamai suka riƙa yin watanni babu albashi, yajin aiki ya yi yawa, har aka dawo da hukumar a 1993. Tsofaffin malamai ba su manta ba, shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT take goyon bayan 'yancin amma take cewa a cire albashinsu daga ciki. Ba ma sai an koma can baya ba: a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Ga kuma matsalar lissafi. Ƙaramar hukumar cikin birni irin Nasarawa ko Dala a Kano tana ɗauke da makarantu da malamai ninkin na wata ƙaramar hukumar karkara, alhali kason da take samu bai ninka haka ba. Asusun haɗin gwiwa, duk da ɓarnarsa, yana rufe wannan giɓi: ana ɗiba daga mai rara a cika wa mai gaira. Idan aka rushe shi ba a tanadi madadi ba, wasu ƙananan hukumomin albashi kaɗai zai cinye kasonsu, wasu kuma su yi ta sayen motoci.

Maganin wannan ba shi ne a bar komai hannun kwamishina ba. A ware albashin malamai da na ma'aikatan lafiya tun daga tushe, da ƙayyadadden lissafi da doka ta rubuta, a tura shi asusun albashi wanda ba a iya fitar da ko sisi daga cikinsa sai zuwa asusun ma'aikaci. Cika giɓi tsakanin ƙananan hukumomi kuma a yi shi da ma'auni sananne, wato yawan ɗalibai da yawan asibitoci, a buga shi kowace shekara tare da kasafi. Duk wani yanka da ba ya cikin wannan jerin, sai ƙaramar hukuma ta nema da kanta, da ƙudurin kansiloli, aiki ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ware albashi ba shi da amfani idan takardar albashin kanta ruɓaɓɓiya ce, kuma a nan ne kuɗi suka fi tafiya shiru. Sunan bogi ba daga sama yake faɗowa ba. Ma'aikaci ya rasu, ba a cire sunansa ba, sai a canza lambar asusun banki kawai. Wani ya yi ritaya yana karɓar fansho, albashinsa kuma yana ci gaba da fita. An yi wa malami canji daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, sunansa ya shiga can bai fita nan ba. Akwai "maye gurbi", inda ake cusa sabon suna a gurbin wanda ya bar aiki ba tare da talla ko jarrabawa ba, galibi a mataki na 01 zuwa 06 da ƙaramar hukuma ke da ikon ɗauka da kanta. Akwai kuma waɗanda mutane ne na gaske, da sunansu da fuskarsu, amma suna kasuwa ko suna karatu a wani gari, suna raba albashin da wanda ke rufa musu asiri.

Abin da gwamnatoci suka saba yi shi ne kafa kwamitin tantancewa, a sa rana, kowa ya zo da takardunsa a biya shi a tebur. Wannan yana kasawa ta hanya uku. An sanar da ranar, don haka mai sunayen bogi yana da lokacin hayar mutanen da za su tsaya a layi. Jerin sunayen da kwamitin ke aiki da shi, jami'in albashin da ake zargi ne ya buga shi. Sannan bayan kwamiti ya tafi, takardar albashin tana komawa kwamfutar mutum ɗaya, wanda zai iya mayar da sunayen cikin wata biyu. Wanda ke shan wahala shi ne malamin gaske da aka sami kuskuren harafi a sunansa, ya yi wata shida yana zarya sakatariya babu albashi.

Gwamnatin tarayya ta nuna hanyar da ta fi wannan a Fabrairun 2016, lokacin da ma'aikatar kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar da cire sunaye 23,846 ta hanyar gwada takardar albashi da lambar BVN. Babu layi, babu tebur. Kwamfuta ce ta nuna albashi da yawa suna faɗawa hannun mutum ɗaya. Ƙaramar hukuma tana iya yin haka, ta ƙara da lambar NIN don tabbatar da ranar haihuwa, ta yadda albashi zai tsaya da kansa ranar da shekarun aiki suka cika. Amma BVN ba ya kama wanda ke raye kuma ba ya zuwa aiki. Wannan sai ido. A liƙa sunayen ma'aikatan kowace makaranta da kowane asibiti a bangon wurin, sunaye kawai ba tare da adadin albashi ba. Hedimasta da shugaban kwamitin iyaye su sa hannu kowane wata cewa waɗannan ne suka yi aiki. Mutanen gari sun san malamansu; idan suka ga suna goma sha biyu a bango alhali mutum biyar suke gani a aji, magana za ta fito. Sannan a raba aikin a ofis: mai shigar da sabon suna daban, mai amincewa daban, kuma duk wata a fitar da takardar bambanci mai nuna wa ya shiga, wa ya fita, albashin wa ya canza, da dalili. Takardar nan ba ta wuce shafi biyu, amma ita ce odita zai fara nema.

Kwangila ba sai an daɗe a kanta ba, dabarun sanannu ne. Ana yanka aiki ɗaya gida huɗu don kowane yanki ya tsaya ƙasa da adadin da ke buƙatar talla. Ana kiran aiki "na kai tsaye" don a ba wa ma'aikaci kuɗi a hannu ya kawo rasit daga baya. Rijiyar burtsatse ita ce misali mafi sauƙi: a biya kuɗin binciken ƙasa ba a yi ba, a biya haƙa mai zurfi a tsaya a rabi da zarar an ga ruwan damina, a sa bututu mara kauri, injiniya ya sa hannu a takardar kammalawa daga ofis. Watan Maris na zuwa rijiya ta ƙafe. Abin da ke hana wannan shi ne kada a biya kason ƙarshe sai an auna zurfin a gaban mai unguwa da kansila, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin har rijiyar ta ga rani ɗaya.

Duk waɗannan suna buƙatar mai bin diddigi. Kowace jiha tana da babban odita na ƙananan hukumomi, amma gwamna ke naɗa shi, kuɗin aikinsa daga gwamnatin jiha suke fitowa, kuma sau da yawa ƙaramar hukumar da ya je bincika ita ke ba yaransa masauki da abinci da man mota. Rahotonsa yana zuwa majalisar jiha, inda kwamitin asusun gwamnati kan ajiye shi. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018, ya sa jihohi sun fara buga kasafinsu da rahoton odita a intanet saboda akwai tallafin dala ga wanda ya buga a kan lokaci. Wannan ya nuna cewa takardun suna iya fitowa idan akwai lada ko hukunci. Sai a ɗaure kason ƙaramar hukuma da irin wannan sharaɗi: wadda ba ta miƙa lissafin shekara ba cikin wata shida, a tsayar da kuɗin hidimar ofis da alawus na ciyaman da kansiloli, albashin ma'aikata kuma ya ci gaba. Tambayar odita da ba a amsa ba cikin kwana 30 ta zama bashi a wuyan jami'in da ya sa hannu, a riƙa cira daga albashinsa. Kuɗin ofishin odita kuma su fito kai tsaye, kada ya roƙi kowa.

Rahoton odita mai shafi ɗari da Turanci a intanet bai isa manomin Gwarzo ko na Maigatari ba. Abin da zai isa gare shi shi ne allo a ƙofar sakatariya, da Hausa, boko da ajami, mai layi biyar: abin da ya shigo daga Abuja a watan nan, abin da aka tara a kasuwa da tasha, abin da aka cire da sunan wanda ya karɓa, albashi, da ayyuka da garin da aka yi su. A karanta shi a gidan rediyon jiha. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya, amma mutum nawa ne a ƙauye zai rubuta takarda ya bi ta har kotu? Gara a wajabta fitar da bayanin tun kafin a tambaya.

Zaɓe kuwa kowa ya ga yadda ya kasance. Bayan hukuncin kotu jihohi sun yi rige-rigen gudanar da shi don kada a riƙe musu kuɗi. A Oktoban 2024 NNPP ta lashe duka 44 a Kano, APC ta lashe duka 23 a Kaduna da duka 27 a Jigawa. Jam'iyyun sun bambanta, sakamakon iri ɗaya ne: jam'iyyar gwamna ta cinye. Kantoma ne dai ya sake riga. Masu cewa a miƙa zaɓen ga INEC suna da hujja, duk da ita ma ba tsarkakakkiya ba ce, amma wannan sai an gyara tsarin mulki, kuma gyaran yana buƙatar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a nan ya maƙale a zagayen gyaran da aka kammala a 2023. Kafin a kai can, akwai abin da jiha ɗaya za ta iya yi ita kaɗai. A 2018 Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura, kuma 'yan adawa sun ci wasu kujerun ciyaman. Ko ba na'ura, a wajabta liƙa sakamakon kowace rumfa a wurin, a ba wakilin kowace jam'iyya kwafi mai sa hannu, kuma kotun zaɓe ta soke duk sakamakon da aka sanar ba tare da alƙaluman rumfuna ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda 'yan siyasa ba sa son taɓawa. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da ƙananan hukumomi suka gada, baitulmali yana cika ne da haraji da jangali da dagaci da hakimi suka tara daga hannun mutane. An yi zalunci a wajen karɓarsu, shi ya sa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su da hawansu mulki a 1979, kuma talakawa suka yi farin ciki. Ba ina kiran a dawo da su ba. Amma tun daga lokacin ƙaramar hukuma ta koma rayuwa da kuɗin da ke zuwa daga Abuja, wanda ba daga aljihun kowa ya fito kai tsaye ba, kuma kuɗin da mutum bai ji zafin fitarsu ba ba ya cika tambayar inda suka tafi. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da harajin gine-gine. Ana karɓar kuɗi a waɗannan wurare kowace ranar kasuwa, a karar dabbobi ta Wudil ko ta Maigatari ba ƙananan kuɗi ba ne, sai dai yawanci da rasit ɗin da mai karɓa ya bugo da kansa, ko an ba wa wani ɗan siyasa kasuwar haya a kan adadin da bai kai na wata ɗaya ba. A buga rasit mai lamba daga baitulmali, a ƙirga littattafan da aka fitar da waɗanda aka dawo da su kowane mako, a karɓi manyan kuɗi ta POS zuwa asusu ɗaya, sannan doka ta ce rabin abin da aka tara a kasuwa a kashe shi a kasuwar: rumfuna, magudanar ruwa, banɗaki, fitila, mai gadi. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta riƙe kwafin lissafin mako, shugabanta kuma ya zama cikin masu sa hannu kafin a taɓa wannan rabin.